Ku Tambayi Masana: Magani, Guba da Abin da Ɗakin Gwaji Ke Iya Gani

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne kan illar magunguna da sinadarai. Masana harhaɗa magunguna da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Assalamu alaikum. Ni mai haɗa maganin gargajiya ne, gado na yi. Na kai jiƙon da nake bayarwa na basir an gwada, aka ba ni takarda cewa LD50 ɗinsa ya haura miligiram 5,000, kuma ɓera ko ɗaya bai mutu ba. Zan iya rubuta "ba shi da illa" a jikin kwalba? — Mai magani, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, Malam. Kai magani gwaji da ka yi abin a yaba ne, da dukan masu sana'ar za su yi koyi da kai, da an rage yawan masu kwanciya a ɗakin wankin ƙoda. Sai dai takardar da ke hannunka ba ta ba ka damar rubuta wannan kalma ba tukuna.

LD50 awo ne na yawan maganin da zai kashe rabin dabbobin gwaji idan an ɗura masu shi sau ɗaya tak, ana lissafa shi da miligiram a kan kowane kilo na nauyin jiki. Wani masani ɗan Ingila, J. W. Trevan, ya fito da shi a 1927. Hanyar da aka fi bi a jami'o'inmu ita ce ta wani masani mai suna Lorke, ta 1983, domin ba ta cin dabbobi da yawa. A zagaye na farko ana raba ɓeraye tara gida uku, a ba su miligiram 10, 100 da 1,000 a kowane kilo. Idan ba wanda ya mutu cikin awa 24, sai a ɗauko wasu uku, ɗaya a ba shi 1,600, ɗaya 2,900, ɗaya 5,000. A ce mai 1,600 ya rayu, mai 2,900 ya mutu, to LD50 zai faɗa wajen 2,150. Naka kuwa har mai 5,000 ya rayu, shi ya sa aka rubuta "ya haura". Ka lura da kyau: a wannan babban awon, ɓera ɗaya ne kacal ya sha, sau ɗaya, aka kuma duba abu ɗaya, wato ya mutu ko bai mutu ba.

Mai basir kuwa ba sau ɗaya yake shan jiƙo ba. Safe da yamma yake sha, wata guda, wani ma har shekara. Gwajin da ya yi kama da wannan shi ne na kwana 28. Ana raba ɓeraye 40 rukuni huɗu, kowane rukuni maza biyar mata biyar. Rukuni uku su riƙa shan maganin kullum, ƙaramin awo, matsakaici da babba, na huɗun kuma ruwa zalla don a sami abin kwatantawa. Duk mako ana auna nauyinsu da yawan abincin da suka ci. A ƙarshe a ɗebi jini a duba ALT da AST, sinadaran da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta taɓu, a duba yuriya da kiriyatinin masu nuna aikin ƙoda, a ƙirga ƙwayoyin jini. Sannan a fiɗe su, a auna nauyin hanta, ƙoda, zuciya, saifa da maraina, a yanki ɗan tsoka a jiƙa a ruwan fomalin, a fere shi siriri ya fi fatar albasa, a rina shi, a duba a madubin hangen ƙananan halittu. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ake yawan tsallakewa saboda tsada, alhali shi ne mai tona asiri. Kiriyatinin ba ya tashi a jini sosai sai aikin ƙoda ya ragu da kusan rabi, amma a madubi ana ganin bututun ƙodar sun fara lalacewa tun kafin nan. Idan maganin na dogon sha ne, ana tsawaita gwajin zuwa kwana 90, da ɓeraye 20 a kowane rukuni.

Abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990 ya isa misali. Wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da saiwa daga Sin, ashe an yi musanyar tsiro, an sa wani daga cikin dangin Aristolociya. Ba wadda ta faɗi ranar da ta sha. A hankali ƙodar mata fiye da 100 ta lalace, daga baya wasunsu suka kamu da ciwon dajin hanyar fitsari. Duman dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu daga wannan dangi yake, don haka idan yana cikin haɗinka, cire shi tun yau, kada ka jira wani gwaji.

Ko an yi gwajin kwana 28 ɗin, ba a ɗaukar awon ɓera a ɗora wa mutum kai tsaye. Ana nemo awo mafi girma da bai nuna wata illa ba, a raba shi da 6.2 saboda bambancin girman jiki, a sake rabawa da 10 don kariya. Idan miligiram 500 a kilo ne bai cutar da ɓera ba, a mutum ya zama kamar 80, bayan kariya ya koma 8. Mai nauyin kilo 60 ke nan miligiram 480 zai fara da shi, abin da bai kai rabin giram ba. Kuma duk wannan bai ce komai game da mai juna biyu ba. Maganin talidomayid da aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957 ya yi fice wajen rashin kashe ɓeraye, amma kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasar hannu da ƙafa. Sai da aka gwada shi a kan zomaye masu ciki illar ta fito fili. Tun daga nan aka wajabta gwajin ciki a kan dabbobi iri biyu.

Shawararmu: ka kai ainihin abin da kake sayarwa, da kanwarsa da duk abin da kake zubawa, domin tsamen da aka yi da sinadari a ɗakin gwaji ba lallai ya zo ɗaya da jiƙonka na ruwa ba. Ka tsayar da ma'auni, giram nawa na sassaƙe a lita nawa ta ruwa, domin ƙarfin sassaƙen damina da na rani ba ɗaya ba ne. A jikin kwalba ka rubuta awon sha, da iyakar kwanaki, da gargaɗi ga masu ciki, masu shayarwa, yara da masu ciwon ƙoda ko hanta.

Ƙanena ya sha farasitamol da yawa saboda ciwon haƙori. Washegari ya tashi garau, amma likita ya dage sai an kwantar da shi an yi masa ƙarin ruwa. Ba cin kuɗi ba ne kuwa? — Wata mai karatu daga Azare

Malama, ku gode wa Allah da ya haɗa ku da wannan likita. Tashi garau washegari shi ne babban tarkon farasitamol.

Idan mutum ya sha shi daidai, hanta tana ɗaure kusan kashi 90 cikin 100 da wasu sinadarai ya fita ta fitsari. Ɗan abin da ya rage, kashi 5 zuwa 10, yana rikiɗa ya zama wata guba mai suna NAPQI, amma hanta na da ajiyar wani sinadari, gulutatayon, da ke kama ta nan take. Idan an sha da yawa, hanyar farko ta cika, gubar ta ƙaru, ajiyar ta ƙare, sai gubar ta koma cin ƙwayoyin hantar kanta. Masu bincike a Amurka ne suka gano haka a 1973 ta gwaji a kan ƙananan ɓeraye, kuma wannan binciken ne ya buɗe hanyar samun makarinsa, NAC, wanda ke taimaka wa hanta ta sake cika ajiyarta.

Ɓarnar tana tafiya ne a ɓoye. Ranar farko tashin zuciya ne kawai, ko ma ba komai. Rana ta biyu ALT ya fara hawa, ƙasan haƙarƙarin dama ya soma ciwo. Rana ta uku zuwa ta huɗu ido ya yi shawara, jini ya ƙi daskarewa, hankali ya gushe. ALT na mai lafiya ba ya wuce 40 ko kusa da haka, amma a nan yakan haura 1,000, wani lokaci dubbai. NAC kuwa ya fi aiki idan an fara shi cikin awa takwas na farko, lokacin da majiyyaci ke rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau. Ko an makara ana bayarwa, domin yana rage ɓarna. Ta jijiya ake sa shi kashi uku: miligiram 150 a kilo cikin awa ɗaya, 50 cikin awa huɗu, 100 cikin awa 16. Jimilla awa 21, dalilin kwanciyar ke nan.

Inda ake da na'urar auna farasitamol a jini, ba a ɗibar jinin sai an cika awa huɗu da sha, domin kafin nan hanji bai gama tsotse shi ba, sakamakon zai fito ƙasa ya yaudari mutane. Ga wanda ya yi ta sha kaɗan-kaɗan cikin yini biyu ko uku, kamar yadda masu ciwon haƙori ke yi, wannan awon ba ya yanke hukunci shi kaɗai, likita zai dubi jimillar abin da aka sha da gwajin hanta.

Iyakar babba ita ce ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci guda, tazarar awa huɗu zuwa shida, kada a wuce ƙwaya takwas a awa 24. Wanda bai kai kilo 50 ba, da mai shan barasa, da wanda ya daɗe ba ya cin abinci, su rage. Yawancin magungunan mura da na ciwon jiki da ake saya a kemis akwai farasitamol a cikinsu, a karanta kwali a haɗa lissafi. Yaro kuma da nauyinsa ake auna masa, miligiram 10 zuwa 15 a kilo, sau huɗu a yini iyaka. Yaro mai kilo 10 zai sha kamar mililita 6 na ruwan da ke da miligiram 120 a mililita 5. Amma akwai na ɗigawa na jarirai mai miligiram 100 a mililita ɗaya. Wanda ya cika cokalin mililita 5 da wannan ya ba jariri miligiram 500, daidai da ƙwayar babba guda.

Ina aikin digiri na biyu. Na gwada tsamen wani ganye a kan ƙwayoyin hanta da hanyar MTT, sai babban awo ya nuna kashi 130 na ƙwayoyin suna raye. Sannan AST na ɓerayen da ban ba komai ba ya yi sama. Ina matsalar take? — Ɗalibi daga Zariya

Ta farkon, mai yiwuwa tsamenka ne ke rina ruwan da kansa. MTT ruwan ɗorawa ne, ƙwayoyi masu rai ke juya shi ya koma shuɗi mai duhu, na'ura ta karanta duhun a nanomita 570. Ganyaye masu ɗauri, irin masu tanin da yawa, suna iya yin wannan juyin ko babu ƙwayar halitta ko ɗaya. Ka ware ramuka a farantinka mai rami 96, ka zuba tsamen da MTT ba tare da ƙwayoyi ba. Idan suka yi duhu, ka kama ɓarawonka. Daga nan ka riƙa tsotse tsamen ka ɗauraye ramukan kafin ka zuba MTT, kuma ka tabbatar da sakamakon da wata hanya ta daban, kamar auna sinadarin LDH da ke tsiyayowa daga matattun ƙwayoyi. Ramuka 36 na gefen faranti ka cika su da ruwan gishiri kawai, domin su ne ke saurin ƙafewa. Sinadarin DMSO da ka narkar da tsamen a ciki kada ya wuce kashi 0.5 cikin 100, kuma a sa daidai wannan adadin a ramukan kwatantawa. Idan ƙwayoyin hantar da ake rainonsu a ɗakin gwaji masu suna HepG2 kake amfani da su, ka sani suna da ƙarancin inzayim, wato sinadarin jiki, da ke juya magani ya zama guba, saboda haka abu kamar farasitamol yakan nuna sauƙi a kansu fiye da yadda yake a hantar gaske.

Ta biyun kuma, ka dubi ruwan jinin bayan ka juya shi a na'urar da ke raba shi da ƙwayoyinsa. Idan ya yi ja-ja maimakon fatsi-fatsi, jajayen ƙwayoyi sun fashe, kuma suna ɗauke da AST mai yawa. Zuƙar sirinji da ƙarfi ke jawo haka, da tura jini cikin kwalba ta bakin allura, da girgiza shi. Cire allurar, ka zuba a hankali ta jikin kwalba, ka bar shi minti 30 ya daskare, sannan ka juya minti 10. Kokawa da ɓera kafin ɗibar jini ma tana tayar da AST daga tsoka, shi ya sa ALT ya fi zama shaidar hanta. Ka yi awon a ranar in da hali. Samfurin da ya daskare ya narke sau uku saboda ɗauke wuta ba abin dogaro ba ne, gara ka sake ɗiba.

Surukata tana sa wa jaririna kwalli tun ranar suna, ta ce yana ƙara hasken ido. Na ji an ce akwai dalma a ciki. Gaskiya ne? — Wata uwa daga Damagaram

Gaskiya ne, 'yar'uwa. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka riƙa sa wa irin wannan kwalli da aka kai daga Najeriya. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, kuma hanjin yaro ya fi na babba tsotse dalma nesa ba kusa ba.

Mun ga iyakar abin da dalma ke yi a Zamfara a 2010, lokacin da niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ya kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ƙaramar na'urar gwajin da aka je da ita ƙauyukan tana tsayawa ne a maikurogiram 65 a kowace desilita ta jini, jinin yara da yawa ya wuce nan, sai an tsarma shi kafin a iya karantawa. Kwalli ba ya kai yaro wannan matsayi a yawancin lokuta. Ɓarnarsa ta shiru ce: ƙarancin jini, jinkirin magana, wahalar ɗaukar karatu, kuma abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikurogiram 5 a nemo tushen dalmar a raba yaro da shi. Maganin da ke janyo ta daga jiki sai an kai wajen 45 ake fara shi, a hannun likita.

Idan za a gwada shi, a ɗebi jinin jijiya a kwalba mai murfi ruwan shanshanbale. In na tsinin yatsa ne, a wanke hannun da sabulu tukuna, domin ɓurɓushin kwalli a fata kaɗai ya isa ya ɗaga sakamako. Ki yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, in da hali mijinki ko ma'aikaciyar asibiti ta faɗa mata, domin don ƙauna take yi.

Muna zuba fiya-fiya a buhunan wake don ƙwari. Yaran shagona kan yi ciwon kai da zufa bayan aikin. Akwai gwajin da za a yi masu? — Ɗan kasuwar hatsi daga Kano

Akwai, Alhaji, amma fara da daina zubawar. Sinadarin da ya fi yawa a fiya-fiya shi ne daikulobos, kuma ba a yi shi don a yayyafa a kan abinci ba. Shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015: iyakarsu miligiram 0.01 a kilo, an sami buhunan da suka kai 4.6.

A jiki yana toshe wani inzayim mai suna kolinestares, wanda ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa. Idan ya toshe, saƙon ya yi ta maimaituwa: ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, yawu da zufa su yi ta zuba, ƙirji ya cika da majina, gudawa, tsoka na rawa. Gwajinsa a jini ake yi da hanyar Ellman ta 1961, inda ruwan gwaji ke komawa ɗorawa gwargwadon ƙarfin inzayim ɗin. Ƙarfinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka ya fi kyau a auna ma'aikaci bayan ya yi makonni bai taɓa maganin ba, a ajiye wannan a matsayin ma'auninsa. Idan na jajayen ƙwayoyin jini ya sauka zuwa kashi 70 na ma'aunin, a ɗauke shi daga aikin sai ya farfaɗo.

Wanda ya faɗi, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a kwantar da shi a gefe, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin abin zai iya faɗawa huhu. Allurar aturofin ce makarinsa, kuma likita ba zai jira sakamakon jini ba kafin ya fara. Don ajiya kuwa, buhun PICS mai hawa uku yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, muddin waken ya bushe sarai kuma an ɗaure kowace leda daban.

Ta yaya zan gane maganin ruwa na yara mai guba, irin wanda ya kashe yara a Gambiya? — Mai kemis daga Maraɗi

Da ido ko harshe ba za ka gane ba, Malam. Gubar, dayetilin gilaikol, ba ta da launi, kusan ba ta da wari, kuma zaƙi-zaƙi gare ta. Tana shiga ne idan an sayar wa kamfani ita a madadin gilisarin ko furofilin gilaikol da ake narkar da magani a ciki, ko an gauraya su saboda ta fi araha. Ita ta kashe yara kimanin 70 a Gambiya a 2022, ita ce kuma a cikin maganin haƙori na My Pikin da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009. Na'urar GC mai rarrabe sinadarai ce ke gano ta, kuma ƙa'ida ita ce kada ta wuce kashi 0.10 cikin 100 a kayan haɗin. Wannan aiki ne na kamfani da hukuma, a gwada kowace ganga kafin a zuba.

Naka aikin shi ne saye daga dillali mai rajista, da rubuta lambar rukunin kowane kwali da ya shigo shagonka, da bibiyar sanarwar janye magani. Idan uwa ta dawo ta ce yaron da ya sha maganin ruwa yana amai, kuma tun jiya bai jiƙa zane da fitsari ba, kada ka ba ta wani magani. Ka tura ta asibitin da ke da wankin ƙoda nan take, kwalbar da kwalinta a hannunta, kai kuma ka sauke ragowar wannan rukuni daga kanta ka sanar da hukumar kula da magunguna a ranar.